Buhun da Inna Ta Ɗaure

Ƙarar tsintsiya a cikin rumbun da ya ƙare daban take da ƙararta a tsakar gida. A tsakar gida iska ce ke kwashe sautin ta tafi da shi. A cikin rumbu kuwa sai ya bugi bango ya dawo, kamar da wata a bayanki tana shara tare da ke. Ga kuma warin wurin: tsohon gero, toka, fitsarin ɓera, duk sun dahu a zafin da ya ƙi tafiya.

Ni ce a ciki ran nan. Ban wuce shekara goma sha shida ba, na zo gida Kademi ɗan hutun tsakiyar zango daga makarantar kwana. A gidanmu mace ba ta shiga rumbu. Baba kaɗai ke jingina tsani, ya ɗage murfi, ya miƙo dami. Ko Inna ba ta taɓa leƙawa ba, sai dai ta gane abin da ya rage daga muryarsa. In rumbu a cike yake, muryar Baba tana nan kusa. In hatsi ya yi ƙasa sai ta riƙa zuwa daga nesa, kamar ta mai yasar rijiya. A shekarar, tun tsakiyar rani muryarsa ta yi nisa, daga baya ma ya daina hawa.

Da hantsi, bayan ya fita gona, Inna ta jingina tsanin da kanta ta ce in hau.

"Ke, share har gefe-gefe. Kada ki bar ko ƙwaya ɗaya."

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kama sunana. Ke ce sunana a bakinta.

Na ce, "Inna, babu ƙwaya fa. Ƙaiƙayi ne da ƙasa."

"Shara na sa ki, ban ce ki ba ni labari ba."

Ruwa ne ya yi mana wasa a daminar. Tun kafin ya sauko Baba ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya rufe, don sama ta zo ta tarar da shi. Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, yara suka fita tsalle a cikinsa. Gero ya tsiro siriri kamar gashin jariri. Daga nan sama ta washe, ta yi shuɗi mai kyau wanda ba wanda ke son gani. Tsiron ya sunkuya, ya yi fari, iska ta rufe shi da rairayi. Da aka sami wani yayyafi Baba ya sake shuka da ragowar irin da ya ɓoye, shi ma ya bi na farko. Yanzu kuma hadari ya fara haɗuwa da gaske a gabas, tsofaffi na cewa wannan karon mai zama ne, mu kuwa ba mu da abin da za mu ba ƙasa.

Da ba haka gidanmu yake ba. Baba yakan ce gandun kakana, in ka tsaya a wannan ƙarshen ka ƙwala kira, na wancan ƙarshen sai dai ya ga bakinka na motsi. Da kakan ya rasu aka raba wa 'ya'yansa, su kuma da yawa ne. Namu rabon wani dogon yanki ne siriri, kamar an yage shi daga tsakiyar zane. Ba a barinsa ya huta ko shekara ɗaya, don babu wani. Girbin bara bai kai mu ko'ina ba, mun daɗe da komawa awo a kasuwa da abin da Baba ya samo a dako lokacin da ya je ci-rani Kano. Amma mutane ba su manta da wancan gidan na da ba. Har a lokacin akwai masu gaishe da Baba da irin gaisuwar da ake yi wa mai rumbu uku, shi ma yana amsawa a haka.

A wajenmu manomi ba ya roƙon iri. Zai iya neman aron jaki, ko garma, ko ma kwanon dawa na tuwon dare, amma wanda ya buɗe baki ya ce ba shi da iri ya faɗa wa gari cewa gidansa ya kai ƙarshe. Abin da ake yi shi ne musaya. Ka ɗauki hatsinka ka kai wa wani, ka ce kana sha'awar gwada irin nasa bana. A auna naka, a auna maka nasa, kwano da kwano, kowa ya tashi da mutuncinsa. Kawuna, yayan Inna, yana Gafasa ta wajen Ajingi, kuma an san shi da wani gajeren gero mai saurin nuna, irin da ake bukata in damina ta makara. Inna ta riga ta kira shi a waya. Ina jin ta tana dariya tana cewa, "Yaya, Malam ne ya ce bana shi ma zai gwada ɗan gajeren nan naku. Yarinyar nan za ta kawo namu."

Namun ne nake sharewa.

Abin da na tara bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Inna ta dube shi. Sai ta ɗauko tsohon buhun taki, ta juye sharar a ciki, ta ɗaga ta ji ba nauyi. Ta zagaya bayan ɗaki inda rairayi ke taruwa a gindin katanga, ta ɗebo da faifai, ta tankaɗe shi a hankali ta fitar da tsakuwa, yadda take tankaɗen garin tuwo. Ta zuba. Ta ƙara. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta fito da kwanon geron da aka awo na tuwon daren ranar, ta shimfiɗa shi a sama, ta baje da tafin hannu har ya rufe ko'ina. In ka leƙa bakin buhun, gero ne tsaba mai kyau.

Ina tsaye riƙe da tsintsiya. Na ce, "Inna, to in an auna fa?"

Ba ta dube ni ba. Ta kama gefen wani tsohon ɗankwalinta, shuɗi mai zanen ganye ruwan ɗorawa, ta yage da haƙori. Ta naɗe wuyan buhun, ta ƙulla, ta sake zagayowa ta cusa bakin ƙyallen a ƙarƙashi, ta ja har yatsunta suka yi fari. Haka take ɗaure komai, daga ƙullin daddawa har bakin jakar makarantata. Kan ki kwance ɗaurin Inna sai kin yi gumi.

Ta ce, "A hannunsa za ki ba shi. Ba matarsa ba, ba 'yarsa ba. Kin ji ni?"

"Na ji."

"In ba ya nan ki jira shi."

Baba ya dawo muna shirin fita. Ya tsaya a zaure yana karkaɗe ƙafa, ya ga buhun a kaina. Ya san abin da ke rumbunsa fiye da kowa. Ya dubi buhun, ya dubi tsanin da muka manta ba mu kwantar ba, sai ya juya ya kama gyaran hular da ba ta karkace ba.

Ya ce, "Ki gaishe da Kawun naki da kyau."

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa za ta kasuwar Ajingi, da ita aka haɗa ni. Muka shiga mota zuwa Gaya, daga can muka canza wata. Kwandastan ta biyun ya miƙo hannu zai jefa buhun a baya, na riƙe gam.

Ya ce, "Hajiya ƙarama, zinari ne a ciki?" Ya ɗan ɗaga shi da hannu ɗaya. "Kai, wannan geron naku da ƙarfe aka yi masa taki?"

Mutanen mota suka yi dariya. Tsohuwar ta ce masa ya bar mata jika ya je ya nemi daidai da shi. Na rungume buhun a cinya na kafe ido a taga.

Ni yarinya ce mai son kallon hanya. A makaranta, in aka ce mu rubuta insha'i a kan damina, nakan cika shafi da ƙamshin ƙasa da kukan kwaɗi, malama ta karanta wa aji. Ran nan na kalli gonaki sai na ga kamar ban taɓa ganinsu ba. Duk sun zama 'yan tsilla-tsilla, an tsaga su da jerin ciyawa ko tsirarun duwatsu. Inda na san gonar gyaɗa ce da muna yara, an kafa tubalan siminti an fara ɗakuna. Burtalin da shanu ke bi ya matse har wani makiyayi na tafe a gaba yana kare bakin gona da sanda, shanun na bin sa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makaranta. A gonaki da yawa mutane na tsaye kawai, hannu a ƙugu, suna kallon gabas. Motocin da ke wuce mu zuwa Kano cike suke da samari, kowanne da 'yar jakarsa, a daidai lokacin da ya kamata a ce suna gona. A cikin motarmu ma hirar ɗaya ce: wa ya yi shuka sau biyu, wa ya yi sau uku, wa ya haƙura da gero ya koma jiran lokacin wake. Wani dattijo ya ce da suna yara, in ruwa ya sauko ya sauko ke nan, yanzu kuwa sai ya leƙo ya ga yawanmu ya koma. Aka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta.

Muna dab da Ajingi na ɗaga buhun don in gyara zama. A kan farin hijabina, daidai cinya, wani siririn gari ya kwanta. Rairayin ne ke tsiyaya ta saƙar buhun duk lokacin da mota ta faɗa rami. Na karkaɗe da sauri. Kafin mu isa tasha ya sake taruwa.

Daga Ajingi ɗan acaɓa ya kai ni Gafasa. Kawu ba ya nan, ya tafi duba wata gonarsa. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta tare ni da murna, ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta kawo ruwa da fura. Akwai mata biyu na maƙwabta sun shigo daka. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Suka tambayi Inna, suka tambayi damina, na ce muna sauraron rahama, kamar yadda kowa ke cewa. Na zauna, na jingina buhun da ƙafata, na rufe shi da gefen hijabi.

Sai ga 'yar Kawu ta shigo da tulu a ka. Sa'ata ce, kuma taubashiyata, tunda ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito. Tsakanin taubasai babu kunya, babu fushi, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya wasa ne. Ita kuwa Allah ya ba ta baki.

Ta ce, "A'a, 'yar boko ce a gidanmu? Iya, ki ɓoye cokulanki, Gayawa sun zo."

Da wata rana ce da na rama. Na yi murmushi kawai.

"Me kika ƙunso mana kike ta ɓoyo haka? Littafi ne?"

Iya ta ce, "Geron musaya ne, babanku ya faɗa tun jiya. Ɗauko min kwanon awo da babbar ƙwaryar nan mu rage aiki kafin ya dawo."

Na ce, "Iya, Inna ta ce in ba Kawu a hannunsa."

Taubashiyata ta sauke tulun ta tafa hannu. "Kun ji ko? Mu ɓarayi ne. To wallahi sai na ga geron nan da ba a ba kowa sai sarki." Kafin in motsa ta fizge buhun daga gindin ƙafata, ta ja shi tsakiyar gida. "Kai, nauyi. Ku da na ji an ce ƙaiƙayi kuke ci a Kademi, ina kuka samo wannan?"

Matan da ke daka suka tsayar da taɓare suna dariya. Ba mugunta a ciki, abin da ake yi ke nan in taubasai sun haɗu. Na tashi na kama gefe ɗaya na buhun, ta kama ɗaya, muna ja, su kuma suna zuga mu. Ina dariya da bakina don kada a gane, amma idona ya cika. Na riga na ga abin da zai faru: za a juye a ƙwarya, geron sama ya zubo da ɗan sautinsa mai daɗi, sai rairayi ya biyo baya shuu, a gaban matan unguwa. Kafin la'asar Gafasa ta ji cewa 'yarsu da aka kai babban gida a Kademi ta aiko wa yayanta ƙasa a buhu. Kafin kasuwa ta sake ci, labarin ya isa zauren Baba.

Ta fi ni ƙarfi, ita ke ɗaukar tulu kullum. Ta ƙwace, ta durƙusa ta sa farce a ƙullin. Ya ƙi. Ta sa haƙori.

"Wannan Gwaggon tawa, kamar ta ɗaure aljani. Iya, miƙo min wuƙa."

Iya na laluben wuƙa a cikin kwando Kawu ya yi sallama.

Dogon mutum ne siriri, mai tafiya a hankali, fartanya rataye a kafaɗa. Malama yake ce min tun ranar da aka sa ni a firamare. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mutan gida, sannan ya dubi 'yarsa da ke durƙushe da bakin buhu a haƙori.

Ya ce, "Ke kuma yunwar ce ta kai ki cin buhu?"

Ya sunkuya ya ɗauka da hannu ɗaya. Ya ɗan jinjina shi sama da ƙasa. Gero in an motsa shi a buhu yana da 'yar raɗa da yake yi, duk ɗan ƙauye ya san ta. Namu bai ce komai ba. Ya sauka a hannunsa dum, kamar kan yaro mai barci. Na sa ido a ƙasa, ina kallon wata tururuwa da ke jan ɓawon gyaɗa, ina roƙon Allah ya mai da ni ita.

Iya ta ce, "Malam, ga kwano. A auna a sallami yarinya, kada yamma ta yi mata."

Ya ce, "Na auna."

"Da me?"

Ya ɗaga mata hannun da ke riƙe da buhun. "Da wannan. Ya taɓa cutar ki?" Matan suka yi dariya. Ya ci gaba, "Wannan dogon geron gidansu ne na tun kakanni, ba na tuwonku ba ne. In na bar muku shi, gobe na gan shi a fura. Ajiye shi zan yi."

Ya jingina tsani a rumbunsa, ya hau da buhun a kafaɗa, ya shige. Ya ɗan jima a ciki. Ina tsaye ina sauraro, ina jiran in ji ƙarar ƙyalle na yagewa. Ban ji komai ba sai motsinsa. Da ya leƙo, damin iri ne a hannunsa, zangarniyoyi gajeru masu kauri da ya zaɓa tun girbin bara, an barbaɗe su da toka. Muryarsa da ya kira 'yarsa ta karɓa, na lura, ita ma ba daga kusa ta fito ba.

Iya da taubashiyata suka sussuke shi a turmi a hankali don kada ƙwayar ta fashe, suka sheƙe, suka zuba min a wani buhu. Taubashiyar tana yi tana cewa in na zama gwamna kada in manta wadda ta yi min sussuka. Kawu ya raka ni har inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Yana ta ba ni saƙo: a shuka shi kusa-kusa, ba ya son tazara irin ta dogon gero, kuma a yi hanzari da noman farko. Da na zo hawa sai ya dubi gaban hijabina.

Ya ce, "Malama, hanyar taku har yanzu rairayi ne haka?"

Na duba. Garin ya yi min shaci a cinya da ƙirji, inda na rungumi buhun.

Na ce, "E, Kawu."

"To karkaɗe kafin ki shiga mutane. Ki ce wa babanki na gode da irin."

Na iso gida dab da magariba, gabas ta yi baƙi ƙirin. Baba na zaune a zaure. Na ajiye buhun a gabansa, ya kwance, ya tsoma hannu, ya ɗebo ya kai hanci.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa. Ya ce ya gode da irin."

Baba ya sake tsoma hannu a buhun. Ya daɗe yana barin ƙwayoyin na zuba ta tsakanin yatsunsa. A cikin gida Inna ta tambaye ni abu ɗaya, ko a hannunsa na ba shi. Na ce e. Ba ta tambayi sauran ba, ni ma ban faɗa ba. Ran nan kwaɗon zogale muka ci muka sha ruwa, tunda geron tuwon yana Gafasa. Ƙannena suka yi ta mita har ruwa ya sauko ya rufe muryarsu.

Da safe muka fita gaba ɗaya. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ƙasar ta jiƙu har ciki, tana da sanyi a tafin ƙafa, ga ƙamshin nan da nake rubutawa a insha'i. Na shaƙe shi ban ji komai ba. Duk ramin da na rufe, hannun Kawu nake gani yana jinjina buhu.

Ruwan ya zauna. Gajeren geron ya yi abin da aka san shi da shi, ya nuna kafin sama ta ɗauke. Ba a cika rumbu ba, amma muryar Baba ta dawo kusa. Da kaka ya zaɓi damin da ya fi kowanne girma ya sa a mota zuwa Gafasa, ya ce gaisuwa ce. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar a gidanmu, har yau.

Ni ce ban warke ba. Nakan ga Kawu a raina, shi kaɗai a cikin rumbu bayan na tafi, ya zauna ya kwance ƙullin, ya tsoma hannu, yatsunsa sun ratsa ɗan geron sama sun nutse a rairayi. Ina ganin fuskarsa a lokacin. Wani lokaci a aji abin ke zo min, wani lokaci ina tsakiyar salla. Na daina zuwa Gafasa. In aka yi biki ko suna sai in ce ina da karatu. Bikin taubashiyata dole na je, na wuni a ƙuryar ɗakin amarya don kada mu haɗu a tsakar gida. Akwai ranar da ya biyo ta makarantarmu daga Gaya, ya sa aka kira ni bakin ƙofa, ya miƙo min ƙullin ƙuli-ƙuli da gyaɗa. Ya ce, "Malama, kin yi wuyar gani." Na ce karatu ne. Ya tsaya kamar yana jiran in ƙara wani abu, ni kuma ina kallon takalmansa. Da ya gaji ya sa min albarka ya tafi. Mutum ne mai hira, ya san sunan kowane tsuntsu da kowace ciyawa, da ina ƙarama nakan zauna a gefensa har a kira ni cin abinci. Duk wannan na bar shi ya wuce ni. Ina kwaleji a Kano aka kira ni a waya aka ce ya rasu.

Bayan wasu shekaru na je Gafasa sunan ɗan taubashiyata na uku. Gidan Kawu ya canza. 'Ya'yansa maza sun yi aure, an tsaga tsakar gidan da katangu, an sare darbejiyar. Rumbun ma babu. Ta ce autansu ne zai yi aure, babu filin ɗaki, aka rushe shi, dama yanzu a buhu kowa ke ajiye ɗan abin da ya samu.

Muna zaune a ɗakinta tana shayar da jaririn sai ta ce, "Af, 'yar boko, ina da ajiyarki." Ta sa hannu a ƙarƙashin katifa ta jawo wata baƙar leda ta jefo min a cinya. "Ashe da gaske rairayi kuke ci a Kademi. Ni da na ce ƙaiƙayi ma na yi muku kara."

Na kasa buɗewa. Ita ta ci gaba da magana tana jijjiga yaro. Ta ce ran da za a rushe rumbun ita aka sa ta shiga ta kwashe tarkace. Ta tarar da buhun rataye a wata ƙugiyar itace can sama, inda babanta ya hana kowa taɓawa tun yana da rai, yana cewa ajiyar ƙanwarsa ce. Ta kama shi za ta sauke, ashe buhun ya riga ya ruɓe. Gindinsa ya ɓalle, ƙasa ta zubo mata a ka har cikin riga, wuyan kawai ya rage a hannunta.

Na buɗe ledar. Wuyan buhun taki ne, ya yi fari yana marmashewa. Ƙyallen na naɗe da shi, shuɗin ya koɗe, ganyen ruwan ɗorawa sun kusa ɓacewa. An zagayo da shi sau biyu, an cusa bakinsa a ƙarƙashi, an ja. A gefe ɗaya ga shacin haƙoran taubashiyata. Ɗaurin Inna ne, yadda ta yi shi da hantsin nan. Kawu bai taɓa kwance shi ba.